Idon Santa Rufina

Duk tsawon hunturun nan a durƙushe Nerina ta yi shi. Girgizar ƙasar da ta ratsa garin Roccavelia ba ta kashe kowa ba, amma ta tsaga bangon coci daga rufi har ƙasa, ta zubo da rabin fuskar Santa Rufina, waliyyiyar garin, wadda ke zane a bayan bagadi kusan shekara ɗari biyar. Masu kwasar ɓaraguzai suka ɗura komai a buhuna, da ƙasa da tsakuwa da kashin tantabaru, suka jingine a lungu. Buhunan nan Nerina ta riƙa zazzagewa tana tankaɗewa da rariya, tana tsintar gutsattsarin da ke da launi, wasu kamar farcen yatsa, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. Ba ta yarda a kunna hita ba, don zafi na cutar da tsohon bango. Sanyi ya farfasa mata yatsu har suna tsattsafar jini, gwiwoyinta suka yi kanta, bayanta ya riƙe. Ba wanda ya taɓa jin ta koka.

Ita 'yar garin ce, ɗiyar marigayi Gaetano makiyayin tumaki. Ta yi shekaru a birnin Firenze tana koyon gyaran tsofaffin zane-zane, ta fito da digirinta, can kuwa kowa dottoressa yake ce mata kamar yadda ake ce wa duk macen da ta yi karatu. A Roccavelia ba ta wuce 'yar Gaetano ba, wani lokacin ma yarinya kawai.

Zanen irin wanda ake kira affresco ne. Mai zanen yakan shafa ɗanyen yaɓen farar ƙasa daidai abin da zai iya gamawa a yini guda, ya zuba launi a kai tun bai bushe ba, launin ya shige ya zama jikin bangon. Abin da ya faɗo ya niƙe, ya tafi ke nan. Kafin zafi ya shigo Nerina ta mayar da goshi, ta mayar da haɓa da kunci da gefen hanci, kowane gutsure a mazauninsa. Idon dama dama bai faɗi ba. Idon hagu ne ta nema har buhun ƙarshe ba ta samu ba. Sai ta cike gurbin da yaɓe mai launin ƙasa, ta daidaita shi sumul, ta bar shi haka.

Da watan Agusta ya kama, bikin waliyyiyar ya matso, ta janye ƙyallen da ta rufe bangon da shi, ta kira Don Egisto, limamin cocin, ya gani. Ya zo tare da Assunta, yayar mahaifinta, wadda ke shugabantar matan da ke shirya bikin. Tsohuwar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"To, ina ɗayan?"

"Ɗayan me, Gwaggo?"

"Ido mana! Ko a Firenze da ido ɗaya mutane ke yawo?"

"Ya niƙe, Gwaggo. Ba inda ban duba ba. Wurin da ya ɓace irin haka lacuna muke ce masa, kuma a nan ake tsayawa."

"Ki ce masa duk abin da kika ga dama. Ni rami nake gani a fuskar waliyyiyata."

Don Egisto ya yi gyaran murya. Mutum ne mai taushin magana, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a a gaban idonsa ba. "'Yata, aiki ya yi kyau, Allah ya yi miki albarka. Amma ai mayafin nan nata ma ya zube, ga shi kuwa na ga kin cike shi."

"Matso kusa, Fada."

Ya matso, ya gyara tabarau. Shuɗin mayafin da daga nesa yake kamar ɗaya, daga kusa sai ga shi siraran layuka ne a tsaitsaye, jere kamar yayyafi.

"Wannan shi ne tratteggio," in ji ta. "Daga nesa ido ya huta, daga kusa kowa ya gane nan hannun mai gyara ne, ba na mai zanen ba. Na yi shi ne don shuɗi ne ta dama, shuɗi ne ta hagu, na san abin da ke tsakani. Ido kuwa ban san shi ba. Hotunan da kuka kawo min duk na aure ne, amarya da ango a gaba, ita tana can baya hayaƙin kyandir ya rufe ta."

"Ki kwafi na daman ki juya shi mana," in ji Assunta. "Wannan ma sai an je jami'a?"

"Fuskar a karkace take, Gwaggo. Ke ma idanunki biyu ba iri ɗaya ba ne."

"Ji min mara kunya! Tun ina goye nake kallon idon nan. Da shi ta kalle ni ranar aurena, da shi ta kalle ni ranar da aka shigo da gawar ubanki cocin nan."

Maganar ta soki Nerina, ta sassauta murya. "To faɗa min yadda yake. Ina yake kallo? A buɗe yake sosai ko a lumshe?"

Tsohuwar ta doka sandarta a ƙasa. "Kamar ido yake! Ido dai ido ne!"

Kafin la'asar labari ya gama gari. Da ta koma gida ta tarar da mahaifiyarta, Iolanda, tana murza ƙullin taliya a kan tebur da ƙarfin da ya fi na kullum, ba ta ko ɗago ba.

"Na shiga wajen mai burodi, kowa ya yi tsit. Ni, Iolanda, aka yi wa tsit."

"Za su gaji su daina, Mama."

"Ke za ki ɗauki jakarki ki koma Firenze. Ni ce zan ci gaba da sayen burodi a garin nan. Ido ɗaya fa, Nerina. Kina yarinya kin zana min kyanwa a bayan kalanda kowa ya ce kamar ta yi kuka. Yanzu ido ɗaya ne ya gagare ki?"

"Bai gagare ni ba. Zan iya zana shi kafin ruwan taliyar nan ya tafasa, ya yi kyan da babu wanda zai gane. Shi ya sa ba zan yi ba. Duk wanda ya zo bayanmu zai ɗauka na mutumin nan ne da ya mutu tuntuni, alhali ni na ƙirƙira na liƙa masa."

"Shi mamacin ne zai kai ki ƙara?"

Nerina ta ɗauki wayarta. Ta fita tsakar gida ta buga waya ofishin lardi mai kula da kayan tarihi, su da suka ba ta aikin, su kaɗai kuma suke da ikon tsawatar wa coci. Wayar ta yi ta ƙara. Da ƙyar wani ya ɗauka, da alama mai gadi ne, ana jin rediyo a bayansa.

"Babu kowa, dottoressa. Agusta ne fa. Duk suna bakin teku."

"Ba wanda aka bari ko ɗaya? Abin gaggawa ne."

"Bangon ya faɗi ne?"

"Bai faɗi ba, amma za a..."

"To in bai faɗi ba zai jira Satumba. Ke ma ki je ki sha iska."

Ta tsaya da wayar a hannu cike da takaici. Ƙasar da ke tunƙaho da zane-zanenta a gaban duniya, ga ta ta kulle ƙofa ta tafi wanka.

Washegari da hantsi tana kan dandamalin ƙarafa da katako da aka kafa jikin bangon, Don Egisto ya shigo da Ulderico. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, da ya yi ritaya ya kama zana faɗuwar rana da garken tumaki a kan faranti yana sayar wa baƙi. Duk garin Maestro suke ce masa, sunan da ake ba gwanayen zane, shi kuma har ya saki gemu ya samo wata hula mai laushi don sunan ya zauna. Yana riƙe da akwatin fentin mai.

"Sannu da aiki, yarinya," in ji shi yana ɗaga kai. "An ce kin maƙale a ido. Kada ki damu, ido sai an daɗe ana yi."

"Na tumaki ko na mutane, Maestro?"

Don Egisto ya yi saurin shiga tsakani. "'Yata, sauko mu yi magana."

"Ina ji daga nan, Fada."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce mutanen garin da ke aiki a Jamus da Beljiyam duk sun taho domin bikin, wannan ne na farko tun bayan girgizar, wasu har yau a gidajen katako suke kwana. Mutane sun yi asara da yawa, ba zai tsaya gabansu ya nuna musu waliyyiyarsu da rami a fuska ba. Ya fi so ita ta yi, don hannunta ya fi. In ta ƙi, to ga Maestro.

"Fentin mai a kan affresco, Fada? Zai shige cikin yaɓen ya baje, ya ci gefen kuncin da na yi wata da watanni ina haɗawa."

"To ki yi da kanki mana."

"Ba zan yi ba."

"Taurin kan Gaetano," in ji Ulderico yana dariya. "Shi ma haka ya taɓa kwana a kan dutse da tumaki don an ce ya sauko."

"Kada ka sake sa sunan mahaifina a bakinka."

Don Egisto ya kalli ƙasa, ya ce a hankali, kamar shi aka yi wa laifi, ta ajiye masa makullin cocin kafin ƙararrawar yamma.

Da suka fita ta zauna a kan katakon, ƙafafunta na reto. Ta kalli idon daman, wanda ta share wa baƙin hayaƙi da auduga kaɗan-kaɗan har ya fito. A lumshe yake, yana kallon ƙasa, sau ɗaya tak aka ja buroshi aka yi fatar samansa, ba gyara ba maimaici. Hawaye ya taho mata, ta haɗiye shi da ƙarfi. Ba za ta yi kuka a inda Ulderico zai iya dawowa ya gani ba.

Ba ta isa ta hana shi zane ba, amma ta isa ta hana fentinsa shiga jikin bangon. Ta sauko ta dama wani ruwan ƙaro marar launi da masu gyara ke amfani da shi, ta hau, ta shafe gurbin da shi, ta bi gefensa ta shafe kunci da gira da karan hanci. Ta jira ya bushe ta sake shafawa. Duk abin da aka ɗora a kai yanzu, a kan ƙaron zai zauna. Zafin Agusta ya taru a ƙarƙashin rufin, zufa na zuba mata cikin ido, ba ta sauka ko ruwa ta sha ba.

Tana cikin wanke buroshi Ulderico ya dawo, bai ko jira ƙararrawar ba. Ya shaƙi iska ya yamutsa fuska.

"Me kika shafa mata haka?"

"Shimfiɗa na yi maka, Maestro."

"Kin kyauta. Ashe dai kina da tarbiyya."

"Don ranar da za a goge naka ne. Auduga kaɗan da ɗan ruwan magani, ya fita tas, ko tabo ba zai bari ba. Ko ni, ko wata bayana."

Gemunsa ya motsa, amma ta riga ta ɗauki jakarta. Ta ajiye makullin a kan teburin Don Egisto ta fita.

Ranar bikin Iolanda ta ce wa Nerina ta yi zamanta a gida in ta ga dama. Nerina ta ce ba ta yi sata ba balle ta ɓuya. Ta sa rigarta mai kyau, ta riƙe hannun mahaifiyarta suka shiga cocin tare. Ya cika maƙil, ga furanni ga kyandirori, an kwashe dandamalin. Ta ɗaga kai.

Sabon idon ya fi ɗan'uwansa girma. Ruwan ƙasa ne mai sheƙi, da dogayen gashin ido irin na 'yar tsana, hasken kyandir na rawa a cikin mansa. Na dama yana kallon ƙasa cikin natsuwa, shi kuwa ya zura wa ƙofa kallo kamar mai jiran baƙo. Mutane kuwa sai share hawaye suke, wata mata da ta zo daga Beljiyam ta durƙusa tana kuka da sauti.

Abin da bai zo mata a rai ba shi ne gaisuwar. Matar mai burodi ta juyo ta damƙi hannunta. "Allah ya yi miki albarka, 'yar Gaetano. Ai na ce musu za ki sauko." Wani dattijo ya ɗaga mata hula. Iolanda ta matse mata hannu, ta raɗa mata, "Ki yi shiru. Don Allah ki yi shiru, an wuce wurin."

Bayan karatu Don Egisto ya hau mumbari. Ya yi maganar girgizar, ya yi maganar haƙuri, ya gode wa matan biki. Sannan ya miƙa hannu wajen bangon.

"Mu kuma gode wa 'yar garinmu, Nerina, wadda ta sha sanyin hunturu a durƙushe, ta mayar mana da fuskar Santa Rufina cikakkiya kamar yadda muka san ta."

Aka ɗauki tafi. Nan take Nerina ta gane abin da ya yi. Ya sulhunta gari da kalma ɗaya, kuma in Satumba ta zo mutanen ofis suka dawo daga teku suka ga idon nan, sunan da za su tarar a kansa nata ne. Duk garin shaida ne. Da wannan sunan za ta je neman aiki a Firenze, da shi za a riƙa nuna ta a ce ga wadda ta yi wa zanen shekara ɗari biyar idon 'yar tsana da fentin mai.

Ta miƙe. Iolanda ta kama gefen rigarta tana ja.

"Fada, ba ni ba ce."

Tafin ya mutu a hankali, daga gaba zuwa baya.

"Goshi nawa ne, da kunci da haɓa da mayafi, ni na mayar da su kuma ina alfahari da su. Idon hagun nan ba hannuna ba ne. An ce in yi, na ƙi, aka karɓe makulli daga hannuna. Ba na waliyyiyar ba ne, ba na wanda ya zana ta ba ne, kuma ba za a rataya min shi ba."

"Zauna!" Muryar Assunta ce daga layin gaba. "Zauna, mara kunya, a ɗakin Allah kike!"

"Shi ya sa na tashi, Gwaggo."

Surutu ya ɓarke. Don Egisto ya ɗaga hannuwa biyu yana murmushin dole. "'Yata, tawali'u abu ne mai kyau, amma aiki ai na haɗin gwiwa ne, ba sai an tsaya rarrabe..."

"Wane haɗin gwiwa?"

Kowa ya juya. Ulderico ne ya miƙe daga tsakiyar coci, hularsa a dunƙule a hannu, fuskarsa ta yi jawur. Tun da aka fara tafin yake kumbura.

"Gaskiya yarinyar ta faɗa! Ni na yi shi, ni kaɗai! Da wannan bayan nawa mai ciwo na hau ƙarafan nan, ba wanda ya riƙe min ko tsani. Gashin idon nan ɗaya-ɗaya na ja su. Sannan a tsaya a mumbari a ba wata? Haba, Fada!"

Wani saurayi a baya ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi. Matar da ta zo daga Beljiyam ta tashi daga durƙuson, ta sake kallon bangon, ta karkata kai. Don Egisto ya buɗe littafinsa ya rufe, ya sake buɗewa.

Nerina ta duba mahaifiyarta. Iolanda ta saki rigar, ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa a cinya, kunnuwanta sun yi ja. Ba za ta tashi ba, Nerina ta san haka, kuma ta san gobe da safe Iolanda kaɗai za ta shiga wajen mai burodi. Abin ya yi mata ciwo fiye da sanyin hunturu, amma ba ta koma ta zauna ba. Akwai ƙaramar ƙofa a gefe, kusa da su. Ta bar ta, ta bi ta tsakiyar coci, takalminta na ƙara a kan dutse, mutane na janye gwiwoyi suna kauda kai.

A waje rana ta take. Dandalin garin babu kowa sai masu kiɗan da ke jiran a fito zagayen gari na bikin, suna zaune a inuwa da kakakinsu a cinya, da wani baƙo mai gasa tsiren tumaki yana fifita garwashi. Sai a lokacin ta ji yunwa, irin wadda ta kwana biyu ba ta ji ba. Ta karɓi tsire mai zafi a takarda.

"An kusa fitowa?" in ji mai tsiren.

"Da saura. Suna ɗan tattaunawa."

Ba ta nufi gida ba. Ta koma daidai gaban matakalar cocin, inda duk mai fitowa sai ya wuce ta gabanta, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da cin tsirenta tana jiran a buɗe ƙofa.